Allah Ya Sa A Dace: Azurfa, Ƙaro da Maganin da Ya Daina Ci

Duk wanda ya bi babbar kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Agye ta nufi Gazawa, a jihar Maraɗi ta Nijar, zai haɗu da mai tallar magani kafin ya kai ƙofar likita. Wani a faranti yake ɗauke da kayansa, wani a akwati bayan keke, wani kuwa ya baza su a tabarma a bakin kasuwa, rana na dukansu tun hantsi. A ciki akwai kafso mai ja da rawaya da mai baƙi da ja, ana sayar da su ɗai-ɗai kamar alewa. Uwar da ɗanta ya kwana yana zawo takan sayi biyu ko uku, gwargwadon abin da ke ƙulle a bakin zanenta. Mai magani ya miƙa mata, ya ce, "Allah ya sa a dace." Ita kuma ta amsa da amin.

Wannan addu'a ta fi ƙarfin gaisuwar ciniki. Bahaushe ba ya cewa magani ne ya warkar, yakan ce an dace. In ciwo ya ƙi tafiya, sai ya ce ba a dace ba, ko ya ce maganin bai ci ba. Da yawa suna jin kalmar kamar sa'a ce kawai, irin ta mai tsintuwa a hanya. Amma tushenta yana cikin hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir, inda aka tabbatar wa kowace cuta maganinta, sannan aka rataya waraka a kan sharaɗi biyu: magani ya faɗa daidai kan cutarsa, Allah kuma ya yi izini. Sharaɗi na biyu ba ya hannun kowa. Na farkon ne aka bar wa ɗan Adam, kuma a kansa ne ake tuntuɓe a yau.

Jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka auna wannan tuntuɓe da idon bincike. A wani nazari da aka wallafa a 2011, an duba yara 55 da aka kwantar saboda tsananin tamowa a wata cibiyar jinya a Maraɗi. Tun ranar da suka shigo, 17 daga cikinsu na ɗauke a hanjinsu da bakteriyar da ke iya lalata manyan magungunan dangin fenisilin. Cikin yara 16 da suka shigo ba su da ita aka kuma sake duba su ranar sallama, 15 sun koma gida da ita. Daga baya, tsakanin 2012 da 2013, masu bincike na Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitocin MSF, sun bi yara kusan 2,400 masu tamowa a yankin Madarumfa. Rabi an ba su amoksisilin, rabi an ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Farfaɗowa daga tamowa ta zo kusan ɗaya, kashi 66 da kashi 63 cikin ɗari, ko da yake waɗanda suka sha na gaskiyar sun ɗan fi tsira daga kwanciya a asibiti. Da aka duba hanjinsu kuwa, sai aka ga su ne suka fi saurin ɗaukar bakteriya mai taurin kai. Lissafin duniya da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ce bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka ta Yamma asara.

Bai kamata a ɗora wa uwar nan laifi ba. Ita abin da ta gani shi ne yaro yana ramewa a bayanta, likita da nisa, damina ta yanke hanya, gona kuma tana jira. Antibiyotik ba abin raini ba ne a ƙasar da ciwon huhu da sanƙarau ke ɗaukar yara. A jihar Doso an gwada raba wa yara azitromaisin sau biyu a shekara, mace-macensu ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, sakamakon da aka bayyana a 2018. A garuruwan nan kuma aka ga ƙwayoyin cuta sun ƙara sabawa da maganin. Ran yaron yau a hannu ɗaya, maganin ƙanensa na gobe a ɗaya hannun. Wanda ya ce zaɓin mai sauƙi ne bai taɓa tsayawa a ɗakin yara ba a watan Agusta.

A nan tambayar malamai take shigowa. In an yi alkawarin kowace cuta tana da magani, me ake nufi da maganin da jiya ya ci, yau ya daina? Amsar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce, alkawarin bai ambaci sunan kafso ba. An yi alkawarin samuwar magani, ba a yi alkawarin dawwamar wani magani guda ba. Bakteriya ma halitta ce da aka ba hanyar kare kanta. Masu bincike sun tono ƙasar da ta daskare shekara dubu talatin a arewacin Kanada, suka tarar da ƙwayoyin gadon bijirewa a cikinta, tun kafin a haifi mai tallar magani na farko. Alezanda Filemin da ya gano fenisilin a jikin fumfuna a 1928, da bakinsa ya yi kashedi a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayar cuta jurewa. Kafso biyu a madadin na kwana biyar karatu ne ake ba abokin gaba kyauta.

Shi ya sa ɗakunan bincike suka waiwayi tsofaffin abubuwa: ƙarafa irin su azurfa da jan ƙarfe da zinki, da kuma abin da masana ke kira folima ta halitta, wato sinadarin da aka gina shi kamar carbi, ƙwaya iri ɗaya a jere cikin dogon zare. Ƙaro irinsa ne, haka ma sinadarin da ke ɓawon fara.

Hikimar ƙarfe ita ce ba ƙofa ɗaya yake bi ba. Antibiyotik yawanci wuri guda yake nema a jikin bakteriya, in ta sauya makullin wurin, shi ke nan. Jan ƙarfe kuwa yana huda fatarta, ya ɓata sinadaran da take numfashi da su, ya kakkarya kundin gadonta, duk a lokaci guda. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a rubuce cewa fuskar jan ƙarfe na kashe fiye da kashi 99.9 na wasu bakteriya cikin awa biyu, abin da ya sa wasu asibitoci suka koma yin mariƙin ƙofa da gefen gado da shi. A Indiya an zuba gurɓataccen ruwa a tulun jan ƙarfe, bayan awa 16 aka nemi ƙwayoyin kwalara da na zawo aka rasa. Azurfa ta riga su shiga asibiti: a farkon shekarun 1880 wani likita a Laifzig ta Jamus, Karl Krede, ya fara ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai, ciwon idon da ke makantar da su ya sauko daga kusan ɗaya cikin goma zuwa ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Man ƙuna mai azurfa da aka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960 har yau ana shafa shi.

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zauren Tibiri ko Gazawa zai ɗaga kai da jin wannan, domin ya karanta a Risala cewa an hana sha a ƙwaryar zinariya da azurfa. To yaya za a yi da tukunyar tace ruwa, irin wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatemala a 1981, ta yumɓu ce amma an shafe ta da ruwan azurfa? Fiƙihun da ke hannunsa bai bar shi a duhu ba. Muktasar na Shehu Halilu ya kawo zance biyu game da mazubin da aka yi wa wankin zinariya ko azurfa, sannan a cikin abubuwan da ya cire daga hani har da hanci da ɗaurin haƙori. Asalin maganar hanci labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad ne, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abin lura a labarin shi ne yadda aka yanke hukuncin. An gwada ƙarfe na farko a jikin mutum, aka ga bai yi ba, aka koma ga wanda ya fi shi tsananin hani ga namiji, saboda shi ne ba ya tsatsa. Sakamakon da ido ya gani da hanci ya shaƙa shi ya sauya fatawa. Malamai da yawa na ganin dalilin hana kwanon azurfa shi ne alfahari da almubazzaranci da karya zuciyar talaka, kuma da wuya a sami ko ɗaya daga cikinsu a tukunyar ƙasa da talaka ke tace wa 'ya'yansa ruwan tabki.

Sai dai akwai wani ƙarfen da ya riga azurfa shiga ɗakin mai jego, kuma labarinsa ba daɗi. Kwalli ado ne, al'ada ce, ana kuma danganta shi da sunna, domin hadisai sun yabi ismid, Risala ma ta halatta wa namiji shi don magani. Amma abin da aka yaba dutse ne takamaimai, abin da ake niƙawa a sayar a kasuwanni da yawa kuwa dutsen dalma ne mai ƙyalli. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Dalma ba ta da wani aiki a jikin mutum sai ɓarna, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi nema. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a je Boston: a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtan Gobir, ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara aƙalla 400.

Tibiri ma, a cikin gundumar Gidan Rumji, tana da nata tabon. Ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ya zo da fulorayid fiye da ninki uku na ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Ba a farga ba sai da ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da jajayen haƙora. Sinadarin nan shi ne ake sawa a man goge baki don ya ƙarfafa haƙori. Babu wanda ya zuba shi a rijiyar, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa ya fito.

Wannan ya isa ya rusa wata magana da ta yi ƙarfi a bakin masu lasifika a kasuwa da a rediyo, cewa akwai maganin Bature mai illa, akwai kuma na halitta ko na Musulunci wanda in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Rabon nan ba shi da gindi ko ta fuskar tauhidi. Fenisilin daga fumfuna ya fito, sitireftomaisin na tarin fuka daga wata halittar cikin ƙasa aka samo shi a 1943. Dalma ma daga ƙasa take. Mahaliccinsu ɗaya. Ibn Haldun ya tafi har ga cewa likitancin da ya zo a hadisai al'adar Larabawa ce ta zamaninsu, ba shari'ar da aka saukar ba. Ba kowa ya bi shi a kan haka ba, amma ko Ibnul Ƙayyim da ya rubuta babi mai tsawo kan likitancin Annabi a Zadul Ma'ad, ya yarda cewa wasu umarnin sun keɓanci mutanen Hijaz da yanayin ƙasarsu. Shi ne kuma ya yi sharhi mai kyau kan mutumin da ya riƙa dawowa wajen Annabi yana cewa ya ba ɗan'uwansa zuma amma cikin bai tsaya ba, ana sake tura shi, har a ƙarshe ya warke. A fahimtarsa, magani yana da gwargwado da ya kamata ya yi daidai da cutar: in ya gaza ba zai kawar da ita ba, in ya zarce ya raunana jiki. Dacewa ke nan da harshen malamai. Zumar da Alƙur'ani ya yaba a Suratun Nahli, wadda asibitoci a yau ke da irin da aka tace don miki, ita ce likitoci ke hana ba jaririn da bai cika shekara ba.

Ta ɓangaren folima, ƙasar Agye da Gazawa ba matalauciya ba ce. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma barin kututture ya tofo a gona, suna zaɓen reshe suna renonsa, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna wajen kafa kwamitin da ke tsaron itatuwan. An ƙiyasta cewa hanyar ta maido da itace kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a faɗin Nijar. Daga cikin itatuwan ƙasar akwai dakwara mai ba da ƙaro, wanda almajiri ke jefawa a tawada don ta kama allo. Ƙaro shi kaɗai ba wani gwanin kashe bakteriya ba ne, amma masu bincike na amfani da shi wajen riƙe ƙananan ɓarɓashin azurfa kada su dunƙule, kamar dai yadda yake riƙe baƙin tawada. Majema sun daɗe da sanin cewa bagaruwa na hana fatar jar akuyar Maraɗi ruɓewa. 'Ya'yan zogale, in an daka aka zuba a ruwa mai laka, sinadarin cikinsu na jawo datti da mafi yawan bakteriya su kwanta a gindin tulu, ko da yake ruwan in ya daɗe a ajiye ƙwayoyin na sake yaɗuwa.

Mafi ban sha'awa ita ce fara. Ɓawonta, kamar na jatan lande da ƙaguwa, yana ɗauke da kaitin, wanda wani Bafaranshe ya fara ganowa a jikin naman kaza a 1811. In an sarrafa shi yakan koma kaitosan, zare mai cajin da ke manne wa fatar bakteriya ya yage ta, yana kuma taimaka wa jini ya daskare, har sojojin Amurka sun yi bandeji da shi. Fukafukai da ƙafafun da mai suyar fara ke fincikewa ta zubar, dangin wannan kaya ne. Tsakanin kaskonta da bandejin asibiti kuwa akwai injuna da sinadarai da gwaji mai tsawo, kuma yawancin abin da ake wallafawa kan waɗannan abubuwa bai wuce farantin ɗakin bincike ba.

Dole a faɗi iyakarsu da babbar murya. Aikinsu a waje yake: kan miki, kan ƙuna, cikin tulu, jikin mariƙin ƙofa da robar fitsari. Ba a yi wa yaro allurar jan ƙarfe. Mai shan ruwan azurfa fatarsa takan rine ta koma toka-toka har abada. Yaron da sanƙarau ya sanƙarar wa wuya, ko wanda haƙarƙarinsa ke shiga ciki in yana numfashi, antibiyotik yake buƙata a daren nan, kuma wanda ya tsayar da uwarsa da kwalbar wani haɗi ya ɗauki alhakin rai. Amfanin ƙarfe da ƙaro shi ne su rage yawan ranakun da za a buƙaci kafso, don ya tarar da sauran ƙarfinsa ranar da babu makawa.

Ƙarfen ma ana bijire masa. A 1975 an ba da rahoton wata Salmonela a ɗakin masu ƙuna na wani babban asibiti a Boston wadda azurfa ba ta kashewa. Ta kashe majinyata, aka rufe ɗakin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ƙwayar gadon jure ƙarfe da ta jure antibiyotik sukan zauna a ƙunshi ɗaya, bakteriya na miƙa wa juna. Turai ta ga haka a gonakin aladu, inda aka shekara ana cusa zinki mai yawa a abincin 'ya'yansu, har Tarayyar Turai ta hana a 2022. In aka baza azurfa a sabulu da safa da kowane irin man shafawa, kamar yadda aka baza kafso a faranti, za ta bi sawunsa. Ƙa'idar malaman usulu da ta ce lalura na buɗe ƙofar abin da aka hana tana tafe da 'yar'uwarta, wadda ta ce ana auna lalura gwargwadonta. An fi haddace ta farkon.

Akwai ƙarfe ɗaya da ya riga ya iso Gidan Rumji da Agye da Gazawa ba tare da hayaniya ba. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, miligiram 20 a rana, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Zinki ba kisan bakteriya ne babban aikinsa a nan ba. Yana gyara bangon hanji, ya taƙaita kwanakin zawo, ya kuma rage dawowarsa har wata biyu zuwa uku. Mafi yawan zawon yara ba ya buƙatar antibiyotik ko kaɗan, da yawansa ma bairos ne ke kawo shi, wanda kafso ba ya taɓawa. Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, kuma ƙwayar na narkewa a cokalin ruwa ko na nono.

Ƙa'idarta kwana 10 zuwa 14 ce. Zawo kuwa yakan tsaya a rana ta uku ko ta huɗu, yaro ya sauka daga baya ya koma wasa a tsakar gida, uwa ta ce alhamdu lillahi, an dace. A lokacin sauran ƙwaya shida ko bakwai na nan cikin takardarsu, an soke ta a jikin danga ko an tura ƙarƙashin tabarma, kuma maƙwabciya ta riga ta leƙo tana cewa nata ɗan ma cikinsa ya ɓaci tun jiya.